Shekarar da Baffa Ya Kyautar da Babur Ɗina

Na san abin da ake gaya muku a Gwandu duk lokacin da kuka je biki ko ta'aziyya. Ana ce muku ubanku Arzika shi ya raba gandun gidanmu saboda wani ruɓaɓɓen ƙarfe, ya juya wa iyayensa baya, ya koma cikin masunta a Kalgo. Ɗiyan Baffa Labbo ne suka fara wannan waƙar, jikokinsa suka karɓa, yau har yaron da aka yaye jiya ya iya rera ta. Na yi shiru shekara da shekaru don kada a ce tsoho yana tonon silili, amma na lura shirun nan ku yake ci, tunda ku ake yi wa gori da shi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku zauna ku ji yadda aka yi, in na gama kowa ya yanke nasa hukuncin.

Gidanmu gidan maƙera ne, muna ƙira muna noma. Baffa Labbo, yayan mahaifina, shi ne uban gandu. Ku da kuka tashi kowa da aljihunsa ba ku san gandu ba, bari in gaya muku. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, maƙera ɗaya. Tun daga safe har la'asar ƙarfinka ba naka ba ne. Duk hauyar da ka ƙera, duk galmar da ka sa wa ƙota, Baffa ne zai sayar, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya mana haraji, ya aurar da wanda ya isa aure. Ban taɓa ƙorafi a kan wannan ba, tsari ne mai kyau in an bi shi da gaskiya. Amma tsarin yana da ɗaya gefen. Daga la'asar zuwa dare, da yinin Juma'a gaba ɗaya, lokacinka ne. Abin da ka noma a gayaunarka, wato 'yar gonarka ta kanka, ko ka ƙera da gawayin da ka ƙona da hannunka, naka ne halak malak, uban gandu ba ya sa masa hannu. Ba ni na kafa wannan doka ba, haka muka tarar, kuma Baffa ya fi ni saninta, don da ita ya sayi jakinsa na farko tun yana saurayi.

Mahaifina kuwa, Baba Manu, mutum ne mai kara har ta yi masa yawa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wancan yaron". A gaban yayansa, ko Baffa ya ce daga yamma rana take fitowa, Baba zai ce hakanan ne, Yaya. Mutanen gari suna yabonsa a kan haka, ni ma da ina cikin masu yabon.

Abin ya faru ne Turawa na nan, 'yan shekaru kafin a ba Arewa mulkin kai. Kafin nan na yi cin rani a Gusau wajen wani tsohon soja mai gyaran motocin gyaɗa, a hannunsa na san cikin inji, na san fistin da kafireta da fulogi, na kuma sha ranƙwashi har kaina ya saba. Na dawo Baffa ya yi mini aure da uwarku Kulu, ɗiyar Baba Kakale, masunci a Kalgo. Da kaka ta yi muka je gaishe su. A bayan rumbunsu na hangi wani abu lulluɓe da tsohon taru, an ɗaure akuya a jikinsa. Kallo ɗaya na yi na gane gawar babur ce. Kunyar suruki ta hana ni tambaya, sai Kulu ta ga idona ya ƙi barin wurin, ta tambayar mini. Ashe wani Bature ne mai zagayen allurar shanu, jirgi ya kife da shi da babur ɗin lokacin cikar gulbi. Shi an tsamo shi, babur ya nutse. Da ruwa ya janye Baba Kakale ya jawo shi daga laka, ya aika a gaya wa Baturen, Bature ya ce wanda ya tsamo ya riƙe. Damina nawa ta wuce a kansa, Allah kaɗai ya sani.

"Gaya wa mijinki ya kwashe shi, ya rage mini shara," in ji Baba Kakale, yana dariya. "Na ba shi duniya da lahira. Amma in gawar ga ta tashi, ni zai fara ɗauka, in ji abin da Nasara ke ji."

Na warware shi gunduwa-gunduwa, muka ɗora wa jakuna zuwa Gwandu. Ba don sha'awa kawai na ɗauko shi ba, ina da lissafina. Mutanen Gwandu ba su san ɗanyen kifin gulbi ba sai banda, domin kafin jaki ya iso daga Kalgo kifi ya riga ya yi wari. Na ce a raina, in na tashe shi, zan bar gida ranar Alhamis da la'asar, in kwana Kalgo, in ɗauko kamun asuba, in iso Gwandu kafin a shiga masallacin Juma'a. Ko taƙi ɗaya ban ci na lokacin gandu ba. Da wannan zan tsaya da ƙafata, in riƙe matata, in kuma ci gaba da yi wa gida bautar da na saba.

Yawancin ranin nan a kansa na ƙare. Da farko gawayi. Don kada a ce na taɓa na gandu, kowace Juma'a sai in nufi dajin wajen Masama in sari kirya in ƙona. Juma'a ta biyu ina cikin sara na ji ƙarar wani gatarin a bayana, na waiga sai ga Baba. Ya ci gaba da sararsa, ni ma na ci gaba da tawa. Tun daga ranar tare muke zuwa, tare muke binne wutar, ya ɗauki buhu ɗaya a kansa in ɗauki ɗaya, in mun kusa gari sai ya canza hanya don kada a gan mu tare. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa maganar za ta tsaya.

Fistin ya manne da jikin inji kamar tare aka halicce su. Na jiƙa shi da kananzir mako da makonni, kullum in ɗora guntun taɓarya in ɗan buga a hankali, har ranar da ya yi motsi na ji kamar an yi mini albishir da haihuwa. Tanki duk ya huje, na yanko gwangwanin garwa na liƙe shi da darma. Kafireta da gashin kaza na wanke ta, rami bayan rami. Abin da ke ba fulogi wuta ya sha ruwa, na binne shi cikin toka mai ɗumi har ya bushe. Wayoyin taya da suka karye na ƙera wasu, ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ƙi daidai in mayar da ita wuta. Taya da fulogi kuwa wani direba abokina ya samo mini daga Gusau, sai dai tayoyin sun fi na asali faɗi. Na yi murna da haka, don hanyarmu rairayi ce, siririyar taya nutsewa take yi. Na sa ƙafafun babur a wuta na buɗa su har tayoyin suka shiga. Na cire marufan taya don kada laka ta cushe. Na ɗaga bakin shan iskarsa sama, na naɗe shi da tsumma mai maiƙo saboda yashi. Na ƙera masa kariyar ɗora kaya mai ƙarfi a baya, da wurin rataya kwando biyu, baduku ya ɗinka mini sirdi da fatar sa. Abin da ya fito bai yi kama da na Bature ba, ya fi shi muni nesa ba kusa ba, amma don ƙasarmu aka yi shi.

Baffa kuwa kullum da la'asar sai ya leƙo, yana sakace.

"Arzika, jakin Turawan naka ya ci dusa yau? Ka dai yi hankali kada ya harbe ka."

Sai a kwashe da dariya. Na haɗiye, don babba ne. Ranar da na taka shi ya yi tari ya kama, kaji suka watse, mata suka yi cikin ɗaki da gudu suna salati, uwarku kaɗai ta tsaya tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Na duba inda Baba yake zaune, na ga ya juya fuskarsa bango yana gyaran rawanin da bai kwance ba. Murmushi yake ɓoyewa, na gan shi.

Na cika wa Baba Kakale alkawari. Na ɗauke shi muka zagaya har Diggi muka dawo, tsoho ya riƙe ni tamau yana ihu yana cewa in ƙara wuta. Washegari aka shimfiɗa mini ganyen bado mai ruwa cikin kwanduna, aka zuba kifi, na kama hanya. Na iso Gwandu tarwaɗa na motsi. Wallahi na ga dattijon da ya tsuguna ya taɓa ta da yatsa, ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin kifin gulbi da rai a garin nan ba. Kafin a tayar da salla kwandunan sun zama wayam, sai wanda na ware wa gida. Baffa ya fi kowa cin romon, har da neman ƙari. Haka na yi ta yi kowace Juma'a har bazara ta kawo jiki, na fara ganin haske a rayuwata.

Akwai wani attajiri a garinmu, Alhaji Sambo mai fata. Shi ke kawo mana tsofaffin ƙarafan mota daga Sakkwato, da su muke ƙera galma, saboda haka Baffa yana ganinsa kamar shi ke riƙe da numfashinmu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ta ƙofar gidanmu da mutanensa. Babur yana tsaye a inuwa, ina tsugune ina ɗaure masa noti. Alhaji ya tsaya, ya zagaya shi, ya shafa sirdin.

"Masha Allahu! Labbo, ashe kuna da irin wanga abu gidanku? Ko Sakkwato ban ga mai ƙirar wanga ba."

Baffa ya washe baki, ya ɗan rusuna.

"Ai naka ne, Alhaji."

Ku tsaya in bayyana muku, don yanzu an daina. A lokacinmu in babban mutum ya yaba abinka, doki ne ko rago ko riga, ladabi shi ne ka ce masa naka ne. Shi kuma nasa ladabin ya ce Allah ya amfana, na bar maka. Kowa ya san wannan, magana ce ta fatar baki, ba a ɗaukar ta a tafi da ita. Sannan ko a fatar bakin, a kan abinka kake faɗa. Baffa yana da rago a turke, yana da jakuna, bai taɓa yi wa kowa tayinsu ba, sai abin da bai zubar wa gumi ko ɗigo ɗaya ba. Ina jiran in ji "na bar maka", sai na ji Alhaji ya tafa hannu.

"Kai, madalla! Labbo, ka gama mini komai. Na karɓa, Allah ya bar zumunci."

Ya yafito barorinsa, suka kama babur suka tura. Da kwandunan, da ƙarnin kifin, da komai. Ina tsugune da sifana a hannu, notin da nake ɗaurewa ma ban gama ba. Yaro ba ya magana gaban baƙo in manyansa na wurin, haka aka hore mu, sai na ɗaga ido na dubi Baba. Baba yana kallon ƙasa. Na ga bayan babur ɗina ya sha kwana, sawun faffaɗar tayar nan kwance a kan rairayi.

Washegari aka kawo tukuici, babbar riga mai aiki har ciki. Wa aka kawo wa? Baffa. Ya sa ta ya yi ta yawo a gari yana baza hannu, ana ce masa ta yi kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Uwarku ta tare ni a ɗaki, idonta jawur.

"Ubana ya ba ka, ko Labbo ya ba? Da wane baki za ka gaya mishi? In kai ba ka iya magana, ni in tahi in yi."

Na hana ta, na je da kaina. Na sami Baffa shi kaɗai, na durƙusa, na yi magana da ladabi iyakar iyawata. Na ce a je a ba Alhaji haƙuri, a ce an yi kuskure, abin na yaro ne, kuma kyautar surukinsa ce. Na ce ni zan ƙera wa Alhaji duk abin da yake so a madadinsa.

"In tofar da miyau in dawo in lashe?" in ji Baffa. "Magana zarar bunu ce, ta riga ta hita. Kai yanzu har ka yi girman da za ka aike ni? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Na haƙura, Allah shi ne shaida, na koma gona da damina ta faɗi, na yi noman gandu kamar kowa, ban rage ko kunya ɗaya ba. Na aika wa Baba Kakale da labari don ban iya haɗa ido da shi ba. Abin da ya aiko mini da shi gajere ne, ya ce a gaya wa Arzika inuwar giginya ce gidansu, na nesa ka sha.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka yi da shi. A gidan Alhaji babu wanda ya iya tayar da shi. Sai suka kai shi kusa da dokinsa suka ɗaure a turke, wai kada a sace, suka yafa masa jalala. Kowace safiya in an wanke doki sai a wanke shi, a kwarara masa ruwa ta kowace kafa, har bakin shan iskar da na naɗe da hannuna, a goge shi da toka don ya yi ƙyalli. Da suka buɗe tanki suka ga fetur ya kusa ƙarewa, suka cika shi da man gyaɗa. In Alhaji ya yi baƙi sai a yaye jalalar a nuna musu, wani ya hau ya yi ta murɗa hannu yana "buuu" da baki, a yi dariya. Ruwan damina duk a kansa ya ƙare. Hanyar gonarmu ta ƙofar gidan ta bi, safe da yamma ina ganinsa ta zaure, tsatsa tana cinsa a kan idona. Har na koma zagayawa ta bayan gari, gara in ƙara tafiya da in gani.

Da damina ta ja baya, Alhaji ya so ya je Birnin Kebbi a kansa don a gan shi. Aka taka, aka tura, aka yi tofi, babur ya ce bai san zancen ba. Sai Alhaji ya aiko wa Baffa cewa a turo yaron nan ya tashe shi, kuma daga yau ya riƙa ɗaukarsa duk inda za shi. Baffa ya kira ni ya faɗa mini kamar yana aikena ɗebo ruwa. Wato in je in sake zuba ƙarfina a kan abina, in gama in zama bara a bayansa. A nan haƙurina ya ƙare.

"Baffa, ba ni zuwa."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ni zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu shi ka yi mishi aski. Wanda aka ba riga ya tahi ya gyara."

Ban yi nadamar wannan magana ba, kuma ko yau aka dawo da ranar zan maimaita ta. Baffa ya tara dattawan maƙera a zaurenmu, ya ce na yi masa rashin kunya, na kuma nemi in kunyata gidan a idon mai ba mu ƙarfe. Na ce a fara duba tushen maganar, babur na wane ne? Baffa ya ce na gandu ne, tunda a kan uwar maƙerar gandu aka buga shi, da gawayin gandu. Wani dattijo mai gaskiya, Allah ya ji ƙansa, ya ce uwar maƙera ba hujja ba ce, kowa a kanta yake buga nasa bayan la'asar tun kaka da kakanni. Magana tana ga gawayi. In na gandu ne, Labbo ya yi daidai. In na yaro ne, Labbo ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, sai ya san yadda zai yi ya karɓo. Ya juyo ya tambaye ni ko ina da shaida.

Na ji sanyi a raina, na ce yau gaskiya ta yi halinta. Na ce ina da shi, ga shi nan zaune, tare muka sari kiryar, tare muka ƙona, a kansa ya ɗauko.

"Manu," in ji dattijon, "mi ka sani?"

Baba ya daɗe yana jan carbi. Ina kallon yatsunsa, yatsun nan da na ga gawayina ya baƙanta su Juma'a bayan Juma'a. Ya ɗago, bai dube ni ba, ya dubi yayansa.

"Abin da Yaya ya ce, shi ne."

Ɗiyana, an zage ni a duniya, an cuce ni, na binne 'yan'uwa da abokai, amma babu abin da ya taɓa yi mini ciwo irin kalmomin nan. Kuma dattawan har da gyaɗa kai, wai Manu ya san girman na gaba, Manu ya yi kara. Kara! Kara abu ce mai kyau, da ita aka riƙe gidaje, ban musa ba. Amma karar da za ta sa uba ya binne gaskiyar ɗansa da rai don kada yayansa ya ji kunya, ni ban ga kyanta ba, kuma ban yi muku irinta ba. Wanda duk na taɓa tsaya masa a cikinku gaban mutane, har ana cewa Arzika ba shi da kunyar ɗiya, to daga zauren nan na koyo.

Aka yanke cewa ko in je in gyara wa Alhaji, ko in fita daga gandu. Na ce na fita. Ku lura, su suka ajiye mini biyun, ni zaɓa kawai na yi. Gero yana tsaye a gona, wanda na nome da hannuna, ko dami ɗaya ba a ba ni ba. Na ɗauki masabata da awartakina, uwarku ta ɗaure 'yan kwanoninta, tana da cikin babbar yayarku, muka ɗora wa jakin aro muka fita da safe. Babu wanda ya raka mu ko ƙofar gida.

Mun yi nisa, gari ya ɓace, sai na ji takun mutum a baya. Baba ne, da lauje a hannu, wai ya zo duba gona, gonar da ba ta wannan hanyar take ba. Uwarku ta ja jaki ta yi gaba. Muka tsaya gindin wata tsamiya, yana kallon gefe.

"Gawayin naka ne," ya ce. "Ni na sani."

"To Baba, mi ya hana ka faɗa a zaure?"

"Yayana ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya kama hannuna ya riƙe, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya juya ya tafi. Na tsaya ina kallonsa har ya shige cikin dawa. Ina son mutumin nan, har gobe ina sonsa, kuma ina jin haushinsa a lokaci guda. Gaskiyar da za ta cece ni a gaban mutane, ya kawo mini ita daji inda babu mai ji sai ni da tsamiya.

Mutanen Kalgo suka karɓe mu hannu bibbiyu. Baba Kakale ya ba ni rumfa a bakin hanyar gulbi, na kafa 'yar maƙera ina ƙera ƙugiya da mashin kifi da ƙusoshin jirgi. Mun sha wuya a farkon, ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da kifin sadaka muka ci muka kwanta. Gyaran babura da kuka taso kuka gan ni ina yi, har ake kawo mini daga Jega da Bunza, wannan daga baya ne ƙwarai. A shekarar nan ko keke ba ni da shi.

Ba a fita ranin ba wani mai jaki ya iso daga Gwandu da saƙo. Ya ce Baba yana kwance, ciwon ya yi tsanani, kuma yana ta cewa a kira masa wancan yaron. Mota ba ta bin hanyar sai ranar kasuwa, kasuwa kuwa da saura. Ban ko shiga gida na sauya riga ba, na ajiye masaba na kama hanya. Hanyar nan da na saba cinyewa tsakanin asuba da hantsi, ita na yi ta taka da ƙafa, rairayi yana ja da ni baya, ina gudu ina tafiya, takalmina ya tsinke na jefar da shi. Duk wani kwari da wata tsamiya na san su, na san a nan nake sauya giya, a can nake rage wuta. Na kwana a hanya ba don na so ba, sai don ƙafar ta ƙi.

Da na shigo unguwarmu na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, mutane zaune jere, ga ƙasar kabari ba ta bushe a ƙafafunsu ba. Tun da hantsi aka kai shi. Na durƙusa a gaban Baffa, don shi ke karɓar gaisuwa, ƙafafuna na zubar da jini a kan tabarmarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sai yanzu? An aika maka tun yana da rai. Har ya cika yana tambaya ko ka iso. Mi ya tsai da kai?"

Na ɗago na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

"Ƙafa ce ta tsai da ni, Baffa. Ita kaɗai ka bar mini."